Keken da Ba Ya Gani Sai Ya Tsaya

A unguwar Hausawa ta Anacha akwai wani ɗan dako, Mijinyawa, wanda in ka zauna kusa da shi na ɗan lokaci za ka tashi kana mamakin yadda ƙasar nan take tafiya alhali shi yana can yana tura baro a kasuwar Ose. Babu sana'ar da bai taɓa yi ba, a bakinsa. A Fatakwal, in ji shi, wani jirgin ruwa ya ɗaura wa fitilu har kifaye suka riƙa leƙowa suna yi masa sannu da aiki. A Inugu kuwa wani dogon bene ya yi wa wayarin, sai da mai gidan ya zo yana roƙonsa ya rage hasken, don zakarun unguwa sun rikice suna cara tun da isha'i. In ka ce to me ya kawo shi tura albasa, sai ya gyara zaman hula ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Ubangidansa, Alhaji Abdulmuhaimin, dillalin albasa ne, mutum mai sanyin magana wanda a Anachan aka haifi ubansa ma. Wata rana Alhaji ya sayo keke mai caji, baƙi wul, da faffaɗan mazaunin kaya a baya. Dalilinsa shi ne motocin arewa ba sa gama sauke kaya sai yamma liƙis, masu sayar da abinci kuma suna son albasarsu bayan magariba, baro kuwa kafin ya isa miya ta gaji da jira. Keken ba shi da aibu sai ɗaya: fitilar da ya zo da ita ba ta fi wutar sigari haske ba.

"Gobe zan aika a kai shi wajen masu gyara, su sa masa fitila guda mai kyau," in ji Alhaji.

Mijinyawa ya saki baro har ya kusa taka ƙafar wata mata. "Alhaji, Allah ya ƙara girma, me na yi maka?"

"Me ka yi mini kuwa?"

"Ina tsaye a gabanka kake maganar masu gyara? Ai waɗannan yaran, wanda ya koya wa wanda ya koya musu, ni na kore shi daga aiki a Fatakwal."

Gimba, abokin dakonsa, yana gefe yana ɗaure buhu. Bai ko ɗago ba ya ce, "Alhaji, ba shi. Wancan watan ma ai shi ya gyara mini rediyo. Yanzu Allah ya hutar da ni, ba na jin labarai marasa daɗi. Ba na jin komai ma."

Alhaji ya yi murmushi ya shafa gemu. Ya ce to, ga sharaɗi. Mijinyawa ya sa fitila, ranar Alhamis bayan magariba ya ɗauki buhun albasa ya kai wa Hajiya Baiwa mai abinci, can gangaren da ke bin hanyar kogi. In buhu ya isa lafiya, keke ya isa lafiya, to keken ya zama abin aikinsa, ya huta da baro. In ba haka ba, Gimba ne zai hau.

"Fitila ɗaya na ce, Mijinyawa."

"An gama, ranka ya daɗe."

Nan take ya tara 'yan dako shaida. Ya tura baronsa gaban Gimba, ya karkaɗe hannuwa. "Ga shi nan, kyauta na ba ka. Daga yau ni da baro sai dai mu gaisa daga nesa. In kuka sake ganin hannuna a jikinsa, ku raɗa mini duk sunan da kuka ga dama, zan amsa."

"Kun ji dai," in ji Gimba. "Injiniya, Allah ya ba da sa'a."

Washegari ya dira babbar kasuwar bakin kogi, layin masu kayan wuta, shagon wani Obiora da ya yi zaman Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ta Bakano.

"Malam, batirin keken naka wuta nawa yake bayarwa?"

"Da yawa," in ji Mijinyawa.

"A'a, lamba nake tambaya. Irin waɗannan kekunan arba'in da takwas suke bayarwa, fitilun nan kuma sha biyu suke ci. Sai ka sa wannan ɗan akwatin a tsakani, ya rage wutar."

"Ya rage? Ni da na zo neman ƙari? Oga, ajiye akwatinka ka sayar wa masu tsoro."

Ya zaɓi fitilun tirela guda biyu. Ya zaɓi doguwar igiyar fitilu masu sauya launi, irin wadda ake zagaye madubin shagon aski da ita. Ya ga wata mai walƙiya ja da shuɗi, ya ce a sa. Har ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwa mai faɗin faranti, irin ta filin ƙwallo.

"Wannan ta me?" in ji Obiora. "Keke za ka haska ko gari?"

"Duk wanda ya rigaya."

A ƙofar shagon Alhaji ya kafa wajen aiki. Kayan aikin nasa su ne wuƙar yankan albasa, filaya ta aro, baƙin salatif, da haƙora. Ya buɗe cikin keken, ya tarar da wayoyi cunkus, ja da kore da rawaya da fari. Ya dube su ya girgiza kai ya ce waɗanda suka ƙera abin nan ba su da tsari. Sai ya yanke su duka, don a fara daga tushe.

Fitilar tirela ya fara ɗaukowa. Ya sa wayarta kai tsaye a bakin batir, ya ce jama'a su matso su ga ilimi.

Fau!

Hayaƙi ya tashi, wani wari ya cika layin har ya danne na albasa, abin da tsofaffin kasuwar suka ce ba su taɓa gani ba. Da hayaƙin ya washe, sai ga Mijinyawa da rabin gashin baki.

"Injiniya, ɗaya gefen ma za a aske, ko sai gobe?" in ji Gimba.

"Gwaji ne. Fitilar da ba ta da ƙarfin zuciya gara ta mutu tun a gida, da ta ba ni kunya a hanya."

Da azahar aka neme shi aka rasa. Can sai ga shi ya dawo da wani abu a naɗe cikin ledar burodi. Ya fito da shi yana waige-waige: ɗan akwatin nan ne na Obiora. Ya ce wata na'ura ce da ya ƙera da hannunsa tun yana Inugu. Gimba ya karɓa ya jujjuya.

"Yaushe ka koyi rubutun mutanen Sin?"

"A Fatakwal. Ba ni abina."

Yanzu dai fitilu sun daina fashewa, sai dai wayoyin da ya yanke sun ƙi gaya masa wace ce wace. Ya haɗa wasu biyu, oda ta kama ihu ta ƙi yin shiru, har limamin masallacin layin ya aiko a tambaya ko motar wa ce ta maƙale. Ya haɗa wasu, tayar baya ta juya da kanta ta watsa wa mai lemo ƙasa a faranti. Salatif ya ƙare, ya koma ɗauri da robar tayar da 'yan dako suke ɗaure kaya. Tasa ta ƙare, ya kwance wadda Alhaji ya tanada a bayan keken don ɗaure buhu, ya naɗe ƙatuwar fitilar nan da ita a kan sitiyari. Buhu, in ji shi, nauyinsa ma ya isa ya riƙe shi.

Ranar Alhamis da hantsi aka dace. Ƙofar shagon Alhaji tana da ɗan gangare, keken yana ta son zamewa, don haka Mijinyawa ya damƙe birki da hannun hagu, yana laluben wayoyi da na dama. Ya taɓa wata siririyar waya, sai komai ya kama lokaci guda: ta tirela, ta shagon aski, ja da shuɗi, da uwar gayyar mai faɗin faranti. Da rana ne fa, amma sai da mutane suka kare ido.

"Allahu akbar!" in ji wani tsoho mai goro.

Mijinyawa ya murɗe wayar da haƙori, ya naɗe, ya saki keken ya ɗaga hannuwa sama yana karɓar gaisuwa. Fitilu suka mutu.

"Ya ɗauke," in ji Gimba.

"Ni na kashe. Batir nake tattali."

Ya sake kama sitiyari, hannunsa ya koma kan birki, haske ya dawo. "Kun gani? Hannuna kawai yake ji."

Gaskiyar maganar, wayar da ya samu ta fitilar birki ce. Ba ta kawo wuta sai an matsa birki. Shi kuwa keke mai caji, ko shafar birkinsa ka yi, injin ɗauke wuta yake yi. Mijinyawa bai san wannan ba, kuma bai hau ya gwada ba, don a cewarsa gwajin hawa na masu shakka ne.

Da la'asar aka yi ruwa, ruwan farko mai ƙarfi na shekarar, irin wanda yake cika kwatocin Anacha har su yi ambaliya. Ruwa na ɗaukewa, wutar unguwa ita ma ta ɗauke. Da aka idar da magariba layin ya yi duhu, ga jama'a sun cika: 'yan dako, 'yan okada, masu goro, har da maƙwabta Inyamurai da suka ji labarin za a yi kallo.

Aka ɗora buhu a baya. Mijinyawa ya fito cikin farar shadda, ya ɗauko baƙin tabarau ya ƙwama.

"Da magaribar nan?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, hasken da zan kunna, in ba da wannan ba sai ya cinye mini ido."

Ya hau, ya damƙe birki. Layin ya haske kamar an buɗe ƙofar rana. Yara suka sa ihu, wata akuya ta tsaya cak ta manta da abin da take tauna. Mijinyawa ya yi jawabi. Ya gode wa Alhaji, ya yafe wa maƙiya, ya yi wa Gimba nasiha a kan haƙuri da rabon da Allah ya ba mutum. Sannan ya ce, "Bismillahi," ya saki birki ya murɗa totur.

Duhu ya rufe. Keken ya zabura.

Ba a ga komai ba, sai dai aka ji: ƙarar kwanduna, kukan akuya, da muryar mai lemo yana cewa, "Ni kuma? Ni dai kuma?" Sai haske ya dawo, ga Mijinyawa can gaba, kwando a rataye a fitilar tirela.

"Wane ɗan baƙin ciki ne ya kashe mini fitila?"

"Babu wanda ya taɓa ka, Injiniya!"

Ya cire kwandon, ya saki birki. Duhu. Ya matsa. Haske. Ya saki. Duhu.

Gimba ya iso yana haki saboda dariya. "Alhaji, na gane kan abin. In yana gani ba ya tafiya, in yana tafiya ba ya gani."

"Jahilci dai ba daɗi," in ji Mijinyawa. "Haka na tsara shi. Sabon salo ne. Ka tsaya, ka haddace hanya, sannan ka tafi. Duk haɗarin da ake yi a ƙasar nan, ai garin kallo da tafiya lokaci ɗaya ake yinsa."

"To cire tabarau mana."

"Ba a cire shi a tsakiyar aiki."

Haka aka kama gangaren. Ya tsaya ya haska, ya yi ta motsa baki: "Kwata a hagu, teburi a dama, rami a tsakiya." Sai ya saki, ya faɗa ramin. Jama'a na biye, sun raba aiki: in haske ya zo su ce "Hadda!", in duhu ya rufe su ce "Jarrabawa!" Wani ɗan okada ya yi ta bin sa a hankali yana tambaya ko a ja shi. Mijinyawa ya ce ya yi ta kansa.

Da a haka aka ci gaba, da wataƙila ya isa, ko da rarrafe. Amma ruwan farko a ƙasar kudu ba ya zuwa shi kaɗai. Yana sauka shinge yake fitowa daga ƙasa, garar nan mai fukafukai, kuma babu abin da yake nema a duniya sai haske. A daren nan kuwa, duk faɗin unguwar, haske ɗaya ne.

A tsayuwarsa ta kusa da wani gidan burodi, shingen farko ya sauka a kan tabarau. Ya hure shi. Na biyu ya shiga hanci. Kafin ya yi atishawa, sama ta yi baƙi da su, suna zuwa ta kan rufin gidaje kamar hayaƙi. Suka rufe fitilu, suka rufe shadda, suka shiga wuyan riga suna yawo.

"Wannan ba komai ba ne, a Fatakwal na taɓa..." Sauran maganar shinge ne ya cinye ta, ko kuma shi ya cinye shingen, har yau ba a daidaita ba.

To su maƙwabtanmu Inyamurai, shinge abin marmari ne a wurinsu. Aku suke ce masa, a soya da ɗan gishiri. Mama Uloma, wata ƙatuwar mata mai sayar da garin rogo a bakin layin, ita ta fara hango abin. Ta ƙwala kira da yarensu, sai ga mata suna fitowa ta kowace ƙofa da robobi da bahuna cike da ruwa, wasu da tsintsiya. Suka zagaye keken, suka jera robobi a ƙarƙashin fitilu, shinge yana zuba a ciki kamar ana sheƙa gero.

"Aboki, Allah ya yi maka albarka!" in ji Mama Uloma da Hausarta ta kasuwa. "Tsaya haka. No move!"

"Madam, ku ba ni hanya, aiki nake!"

"Mu ma aiki muna yi."

Ya saki birki don ya tsere. Duhu ya rufe, mata suka yi ihu gaba ɗaya kamar an ƙwace musu jariri. Bai yi taku ɗaya ba Mama Uloma ta kai hannu ta damƙe birkin tare da yatsunsa. Haske ya dawo. Aka yi tafi.

"Sake ni!"

"Small time. Roba bai cika ba."

"Gimba! Gimba, zo ka gaya mata ko ni wane ne!"

"Ai ta gane," in ji Gimba daga bayan taro. "Fitilar titi ce kai. Mama, in kin gama a ɗiba mini na ɗanɗana."

Da hannunta ya gaji, sai ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure birkin tam, ta koma shara da tsintsiya, har da sharo wanda ya taru a kafaɗarsa da kan hularsa. Wata ta ce ya ɗan sunkuya. Wata ta miƙa masa murfin tukunya ta ce ya riƙe mata. Mijinyawa yana zaune a kan keke kamar ango, ja da shuɗi suna wasa a fuskarsa, yana tofar da fukafukai.

Ana cikin haka fitilar filin ƙwallon ta fara yin ja. Ta tirela ta lumshe. Batir ya kusa kai gargara. Mijinyawa ya ga in bai tafi yanzu ba, ba shi ba Hajiya Baiwa. Ya sa haƙori ya kwance ɗankwalin, ya murɗa totur har ƙarshe, ya ratsa tsakanin robobi biyu, ya yi gangare cikin duhu da baƙin tabarau.

Sai dai bai yi hadda ba.

Rumfar Hajiya Baiwa tana gab da wata babbar kwata, wadda ruwan la'asar ya cika taf. Hajiya tana tsaye da ludayi tana duban hanya, ta ji wani abu ya wuce ta fuu, sannan ta ji tsulum. Buhun da aka ce nauyinsa zai riƙe shi ya yi sama, ya dira a kan kwalta ya fashe. Albasa ta kama gangare tana tsalle, ta nufi kogi kamar an aike ta.

Aka iso da fitilun waya. Keken yana kwance, tayar gaba ta lanƙwashe. Mijinyawa yana zaune cikin kwata, ruwa har ƙirji, tabarau na nan daram.

"Hajiya, barka da yamma," in ji shi. "An kawo albasa."

"Ina take, ɗan nan?"

"Ta yi gaba. Saurin keken ne ya yi mata yawa."

Hajiya ta duƙa ta tsinci guda ɗaya da ta maƙale a gindin murhu, ta duba, ta ce, "To, Allah ya amfana. A gaishe da Alhaji."

Ba sai an kai gaisuwar ba, Alhaji yana tsaye a bayanta da 'yar tocilan. Ya haska keken, ya haska wayoyin da suka zubo kamar hanjin kaza, ya haska Mijinyawa. Bai ɗaga murya ba.

"Fitila nawa na ce?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe. Sauran gyara ne."

"To. Ka mayar mini da kekena shago. Gobe Gimba zai kai shi wajen masu gyara."

Mijinyawa ya fito yana ɗiga. Ya murɗa totur, shiru. Ya matsa birki, ko ƙyalli. Ya gwada turawa, tayar ta ƙi juyawa. Ya gwada ɗagawa, ya ji kamar buhu biyu ne, ga hawan tudu a gabansa. Yana cikin wannan sai aka ji wani ƙiiƙii da kowa ya sani. Taro ya dare. Ga Gimba, ya turo baro, ya ajiye shi a gabansa, ya karkaɗe hannuwa.

"Kyauta na ba ka," in ji shi.

Mijinyawa ya dubi baro. Ya dubi tudu. Ya dubi 'yan dakon da ya tara shaida, babu wanda ya yi fashi a cikinsu. Ya ce ai rantsuwar tasa a kan baron albasa ya yi ta, wannan kuwa jigilar na'ura ce. Aka kama masa aka ɗora keken. Ya miƙa hannu a hankali ya kama baron.

Daidai nan Mama Uloma ta iso da baho a ka, tana neman ɗankwalinta. Ta gan shi, ta washe baki. "Ah, Oga Aku! In ruwa ya sake zuwa, ka zo layinmu, ka ji?"

"Shi ke nan, an raɗa!" in ji Gimba. "Oga Aku!"

Taro ya ɗauka. Aka jira. Alkawari ne, kuma a gaban shaidu aka yi shi.

"Na'am," in ji Mijinyawa, can ƙasa-ƙasa. Sannan ya gyara murya. "Amma ku sani, ko a Inugu da na..."

"Hanya da duhu," in ji Alhaji, ya miƙo masa tocilan. "Riƙe wannan."

Hannu biyu duk suna kan baro. Mijinyawa ya duba dama, ya duba hagu, babu mai karɓa. Sai ya buɗe baki, Alhaji ya sa masa ita a ciki.

Haka ya hau tudun nan, keke a baro, tocila a baki. A ranar dai mutanen Ose suka ga abu biyu da ba su taɓa gani ba: Mijinyawa yana tafiya yana kuma gani, kuma tun daga bakin kwata har ƙofar shago bai ce uffan ba.